Ranar da Zainu Ya Gyara Birki da Hannunsa

Duk unguwar Dogo Tebo babu wanda bai san bakin Zainulabideen ba. Zainu muke ce masa, malamin firamare ne, kuma shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka ni Auwal tela na fi kowa shan surutunsa. In janaretanka ya ƙi tashi, Zainu ya san ciwonsa. In agogonka ya tsaya, ya sani. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ya taɓa abu ya tashi. Fankar da ya kwance mini bara har yau tana cikin buhu a bayan keken ɗinki.

Yana da wata tsohuwar mota ja da yake kira Gimbiya. Gimbiya ba ta tashi sai an tura ta, kuma birkin hannunta ya mutu tun shekara biyu, dutse ake sa mata a taya in ta tsaya. Duk da haka kullum da safe sai ya goge ta kamar zai kai ta gasa.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin Zainu ke mutuwa a gabansa, wato surukinsa Alhaji Bubayaro, Bafulatani mai fataucin shanu, wanda kowa ke kira Baffa. Shekara bakwai Zainu yana aure da 'yarsa Murjanatu, amma Baffa bai taɓa sa ƙafa a cikin Gimbiya ba. Duk inda za shi, motar ɗaya surukin nasa Babaji yake shiga. Wannan abu yana ci wa Zainu rai ƙwarai. Ya sha gaya mini cewa rana ɗaya kawai yake so Baffa ya zauna a gaban motarsa a gan su tare, daga nan ko me ya faru ya faru.

Ranar Litinin sai ga saƙo. An yi wa ɗan Baffa haihuwa a garin Fika, suna ranar Laraba, Babaji kuma ya tafi Kano da motarsa. Baffa ya ce malamin nan ya zo ya kai shi da ragon suna.

Zainu ya faɗo shagona ko sallama babu.

"Auwal! Lokaci ya yi! Daga ranar Laraba Babaji sai dai ya riƙa ɗaukar kaji!"

"To Allah ya sa," na ce. "Amma Gimbiyarka fa in ka taka birki kuka take yi, sitiyari yana rawa kamar mai zazzaɓi."

Ya san gaskiya ce. Da la'asar ya ja ni muka je garejin Basiru makanike, wanda ya shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin motocin Potiskum. Basiru ya cire taya, ya shafa wani ƙarfe mai kama da faifai a bayanta, ya girgiza kai.

"Malam, faifan birkinka ne ya cinye, duka biyun na gaba. Shi birki yake kamawa motar ta tsaya. Ka sayo sababbi ka kawo gobe da safe, kafin azahar na gama."

Da ya faɗi kuɗin aiki, sai Zainu ya dafe ƙirji.

"Don noti huɗu? Basiru, ka ji tsoron Allah! Ni da nake koya wa yara kimiyya?"

"To ka kawo yaran su ɗaura maka."

"Ni zan ɗaura da hannuna. Akwai wani Bature a waya, minti goma sha biyu ya yi aikin nan, ko rigarsa ba ta yi datti ba."

"Baturen ne zai shiga motar ko kai?"

"Za ka ji labari."

"Wallahi na san zan ji," in ji Basiru, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Ranar Talata da hantsi Zainu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya jera sababbin faya-faye biyu da sifana uku na aro, ya jingina waya a jikin bulo. Kafin ya kwance noti ɗaya mutane sun taru. Maigandi mai shayi ya bar tukunyarsa ya jawo benci. Iya Fanne, tsohuwar Babarbariya mai ƙosai, ta tsaya da matsami a hannu.

Murjanatu ta fito da mayafi, za ta riga mu zuwa Fika tare da mata masu girki. Ta dubi motar, ta dubi mijinta.

"Malam, don girman Allah ka kai wa Basiru."

"Ke je ki. Aikin maza ne."

"Shi Basirun mace ce?"

Maigandi ya ƙware da dariya. Murjanatu ta ce ta bar kwalbar man shanu a zaure, wanda Baffa ya aiko a kai wa maijego, motar haya ta cika tana tsoron ya fashe. Ta maimaita masa sau uku kada ya manta da shi. Ya ce ko kansa zai manta ba zai manta man Baffa ba, ta tafi tana waiwaye.

Matsala ta farko jak. Na Zainu ya ɗaga motar ya kai rabi, sai ya fara sauka da kansa a hankali. Zainu ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan turmin Iya Fanne.

"Iya, ara mini na minti biyar."

"Turmina? Wanda nake dakan wake?"

"Ai Baturen ma irinsa ya sa, nasa dai na ƙarfe ne."

Mu shida muka ɗaga Gimbiya aka cusa mata turmi. Taya ta fita lafiya, Zainu ya juyo ya dube mu kamar ya ci zaɓe. Sai tsohon faifan ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta riƙe shi gam. Ya ja, ya girgiza, ya yi masa magana da Turanci. A waya Baturen ya ɗan ƙwanƙwasa nasa da ƙaramar guduma ya faɗo. Zainu ba shi da guduma, sai ya aiko a karɓo taɓaryar Iya Fanne.

"Ka ɗauki turmi, yanzu taɓarya," in ji ta. "Sai ka zo ka ɗauke ni ma ka sa a ƙarƙashi."

Duka na farko ya sami ƙasa. Na biyu ya sami fitilar gaba. Na uku ya sami faifan, ya fita da gudu, ya gangara kan titi a tsaye, ya bi ta tsakanin ƙafafun wani mai lemo, ya shige kwata. Wani mai Keke Napep ya taka birki, fasinjojinsa suka yi salati.

"Kun ga wancan?" in ji Maigandi. "Shi ne birkin ƙarshe da za a taka a labarin nan."

Ana cikin haka sai Zainu ya ga wani siririn tiyo yana tare masa hannu. Ya kwance shi. Wani ruwa mai kalar shayi ya fara tsiyaya a ƙasa.

"Zainu, wannan ba man birki ba ne?" na tambaya.

"Tsohon ruwa ne. Dattin shekara da shekaru. Bar shi ya fita, motar ta huta."

"Baturen ya ce a zubar?"

Ya juya zai duba, sai ya tarar wayar ta mutu. Tun daren jiya ba a kawo wuta ba. Ya dube ta na ɗan lokaci, ya jefa ta aljihu, ya ce dama ya riga ya wuce Baturen a fahimta.

Da ya buɗe ledar sabon faifan, sai ya ji shi da ɗan maiƙo a jiki. Daga baya Basiru ya gaya mini ana shafa masa ne don kada ya yi tsatsa a shago, kuma aikin farko shi ne a wanke shi tas, domin birki da maiƙo ba sa haɗuwa. Amma Zainu ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a.

"Kun gani? Masu ƙera shi ma mai suka sa masa. Ashe duk kukan da Gimbiya take yi bushewa ce! Amalanken shanu in ya yi kuka me ake yi masa?"

"Mai ake sa masa," in ji wani daga baya.

"To! Wannan sirrin ne makanikai suke ɓoyewa don mu riƙa komawa. Nasu ma sun yi rowa, ɗan kaɗan suka shafa."

Ya nemi giris, babu. Ya nemi baƙin mai, babu. Sai na ga ya shiga zaure ya fito da kwalba.

"Zainu, man Baffa ne fa!"

"Cokali biyu kawai. Ai maijego ba wanka za ta yi da shi ba."

Cokali biyu ya zama huɗu. Da ya gama ɓangaren dama ya koma hagu, sai ya ga hagun ya fi sheƙi, ya dawo ya ƙara wa dama don kada a yi rashin adalci. Kafin la'asar kwalbar ta koma ƙasa da rabi. Ya mayar da komai yadda ya ga dama, ya ɗaura tayoyi, aka ciro turmi da tsaga a gindinsa. A kan tabarma noti uku da wani lanƙwasasshen ƙarfe suka rage.

"Waɗannan fa?" in ji Iya Fanne.

"Ƙari ne. Turawa akwai almubazzaranci."

Ya shiga ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Fuskarsa ta washe.

"Auwal, zo ka ji laushi! Kamar ka taka auduga. Ko motar gwamna sai haka."

Na ce mu ɗan zaga da ita mu gwada. Ya ce ya riga ya wanke ta, ba zai bari ta yi ƙura kafin Baffa ya gani ba. Sannan ya ce gobe da ni za a je, in riƙe rago a baya. Na so in ƙi, amma ina son naman suna, kuma wannan kwaɗayin har yau ina jin haushin kaina a kansa.

Laraba da sassafe Zainu ya cusa kwalbar man a ƙarƙashin kujera, aka tura Gimbiya ta tashi. Gidan Baffa yana ƙarshen wani lungu mai yashi, muna shiga yashin ya riƙe tayoyi, motar ta tsaya daidai ƙofar gida.

"Ka gani?" in ji Zainu. "Ko gama takawa ban yi ba."

Bai kashe injin ba. Ya fita ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Baffa ya fito, dogo siriri, da farar riga da rawani da sandarsa. Tsakanin Baffa da surukinsa akwai kunya irin ta Fulani. Ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye in akwai wani a wurin, shi ma Zainu ba ya ɗaga ido ya dube shi. Saboda haka duk maganar da za a yi a motar nan ta kaina za ta bi.

Aka sa ni a baya da rago, wani ƙato mai ƙaho kamar na bijimi. Baffa ya zauna a gaba ya miƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Tela, ce wa malamin nan mu biya kasuwar shanu. Yayana Ardo yana jira a bakin ƙofa, da shi za mu tafi."

"Zainu, Baffa ya ce mu biya kasuwar shanu."

"Ce wa Baffa an gama."

Muka hau kwalta. Zainu yana tuƙi ba takalmi, yana ta danna hon ga duk wanda ya sani da wanda bai sani ba, don a ga wanda ke gaba. Muna isa wajen wani masallaci Baffa ya hango limamin unguwarsu a tsaye.

"Tela, ce masa ya tsaya in gaida Liman."

"Zainu, Baffa ya ce ka tsaya."

Na ga ƙafar Zainu ta sauka. Na ga ta sake sauka. Na ga tana sauka tana tashi kamar tawa a kan keken ɗinki. Liman ya ɗaga hannu yana murmushi, muka wuce shi da murmushinsa.

Motar ba gudu take yi ba, mai keke ma zai iya wuce mu, amma ba ta da niyyar tsayawa. Da ya kashe injin da ta tsaya da kanta. Sai dai in ta mutu sai an tura, kuma Zainu ya gwammace komai da a ce surukinsa na zaune ana tura motarsa a tsakiyar gari.

"Ce wa Baffa," in ji shi da wata siririyar murya, "na ga Liman kamar yana sauri ne."

"Baffa, ya ce Liman yana sauri."

"A tsaye yake," in ji Baffa.

Na sunkuya kusa da kunnen Zainu. "Babu birki ko?"

"Akwai. Bai gama zama ba ne. Sabo ne."

"Kashe ta!"

"In ka ƙara magana kai da ragon zan sauke."

"Da wane birkin?"

Muka iso shataletale. Wata tirela ta tare hanyar da za mu bi, Zainu ya kasa tsayawa ya jira ta, sai ya zagaya. Muka dawo, tirelar na nan. Ya sake zagayawa. A zagaye na uku mai sayar da rake ya fara ɗaga mana hannu kamar tsofaffin abokai.

"Tela," in ji Baffa, idonsa na kan hanya, "tambaye shi ko ya ɓata ne. Garin nan aka haife shi."

"Ce wa Baffa ina nuna masa gyaran da aka yi wa wurin ne."

"Na gani. Sau uku."

A nan ne ƙamshi ya fara tashi. Da yake Zainu ya ɗaura ƙarafan a karkace, suna ta gugar juna, faifan ya yi zafi, man ya fara soyuwa. Motar ta cika da ƙamshi kamar ana yi wa tuwo miya a gidan biki. Rago ya fara atishawa. Karnuka biyu suka biyo mu, sannan suka zama biyar. Baffa ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya ɗan yamutsa fuska.

Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, kuma wanda ya san kasuwar shanun Potiskum ya san abin da nake nufi. Tireloli, dillalai, makiyaya, shanu iya ganinka. A bakin ƙofa ga Ardo, yayan Baffa, tsoho mai farin gemu, yana tsaye da 'yar jakarsa, dattawan kasuwa sun kewaye shi suna taya shi jira.

"Tela, ce masa ga Ardo."

"Zainu, ga Ardo."

"Na gan shi."

"Ce masa ya tsaya."

"Zainu, tsaya!"

Ardo ya matso ya miƙa hannu zai kama ƙofa. Hannunsa ya shafi ƙofar gaba, ya shafi ta baya, ya shafi but ɗin baya. Baffa, da yake ba ya barin gaisuwa ko ana yaƙi, ya leƙa ta taga.

"Ardo, an tashi lafiya?"

"Jam, lafiya lau! Ina za ku?"

"Allah ne ya sani," in ji Baffa, muka shige kasuwa.

A nan Zainu ya haƙura da girma ya murɗe makulli. Injin ya mutu, amma daga ƙofar akwai ɗan gangare, Gimbiya ta ci gaba da tafiya shiru kamar mai sanɗa. Hon ma ya mutu tare da injin. Zainu ya fitar da kai ta taga yana ihu.

"Hanya! Hanya! Babu birki!"

Shekara bakwai Baffa bai taɓa jin muryar surukinsa da ƙarfi ba sai ranar. Dillalai suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya haye bayan tirela da babbar riga. Wani bijimi ya tsaya a gabanmu ya dube mu, ya ga ba mu da hankali, ya kauce. Muka ture teburin mai fura, muka ɗauki igiyar wani a madubi, karnuka na biye. Ni kuma rago ya taka mini ciki ya fitar da kansa ta taga yana kuka. A ƙarshe Gimbiya ta nufi wani tulin harawa mai tsayin ɗaki, ta nutsa a ciki har gilashi, ta tsaya.

Sai ragon ya miƙa wuya ya fara cin harawar.

Kafin mu fito kasuwa ta kewaye mu. Cikin taron har da Basiru makanike, wanda ya zo duba wata tirela, da sifana a hannu. Ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya shafa, ya shinshina yatsansa, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Jama'a, ku zo ku gani! Shekara ashirin ina aikin nan, yau na ga birkin da aka yi wa miya!"

Dariya ta tashi har shanu suka firgita. Zainu ya fito ba takalmi, harawa a hularsa, ya durƙusa a gefen mota. Duk da haka bakin bai mutu gaba ɗaya ba.

"Auwal, ce wa Baffa aikin ya yi daidai, man ne bai dace da irin motar ba."

Ban isar da wannan saƙon ba. Baffa ya buɗe ƙofa a hankali, ya fito, ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara rawani. Ya taka zuwa tayar gaba, ya dangwali man da ke ɗiga da ɗan yatsa, ya kai hanci, sannan ya ɗan taɓa a harshe.

"Na Gudale ne," in ji shi.

Gudale ita ce saniyar da ya fi so a duk garkensa, kowa a kasuwar ya san ta. Da hannunsa ya ware man don maijego. Na ciro kwalbar daga ƙarƙashin kujera na miƙa masa, ya ɗaga ta a rana ya ga inda ta tsaya. Wallahi a lokacin tausayin Zainu ya kama ni, don na san abin da ranar nan take a wurinsa.

Baffa ya sa a kira masa motar haya. Aka sa rago, Ardo ya shiga. Kafin ya shiga shi ma, sai ya tsaya, ya juyo. Wannan karon bai ce "Tela" ba. Ya dubi surukinsa kai tsaye, karo na farko a shekara bakwai, a gaban duk dattawan kasuwa.

"Malam, abu biyu na taɓa ba ka amana, 'yata da man saniyata. Na ga yadda ka yi da man." Ya sa ƙafa ɗaya a mota. "Bari in yi sauri in je Fika in duba 'yar."